Yayana Mai Goge da Taken da Jikana Ya Ɗauka a Hancinsa

Daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma. Na sha faɗin maganar nan a gidajen mutane, ban san nauyinta ba sai ranar da anka faɗa mini ita a ƙofar ɗakina.

Yayana bai kwanta ciwo ba. Ko ciwon kai bai ce yana yi ba. Da hantsi ya sha furarsa, ya yi mini tsiya wai nonon ya fi bakina tsami, ya fita wajen rumbu inda ake ɗora hatsin bana. Maƙwabcinmu yana bisa, shi yana miƙa masa dami daga ƙasa. Ya miƙa ɗaya ya ce, "Riƙe mini wanga," sai ya zauna ya jingina da dutsen rumbu. Na bisa ya yi ta jiran dami na gaba. Dami bai zo ba.

Maƙwabcin nan, da ya gane, ya kasa saukowa, sai da anka hau anka kamo shi. Mai daddawar unguwarmu ta shigo ba takalmi tana cewa, "Wa? Ƙarya ne! Yanzun nan ya biyo ƙofata ya ce in aje masa ta miyar dare." Wanzami ya tsaya bakin zaure yana duban hannuwansa, wai jiya-jiya ya yi masa aski. Ba wanda ya yi kuka da wuri. Mutane sunka yi ta shigowa suna duban juna, kowa yana jiran wani ya ce kuskure ne.

Ɗansa, wanda ke da shago kusa da tashar Dogon Dutsi, mutumin sunna ne, bai bari gawa ta jira ba. Kafin rana ta karkata an kai shi. Maza sunka zauna a ƙofar gida, mata sunka cika tsakar gida, magana kuma ɗaya ce a bakin kowa: ya tuba, ya riƙe tubarsa, Allah ya yi masa kyakkyawan ƙarshe. Daga me ya tuba, ba wanda ya kama suna.

Muna cikin haka da la'asar, sai anka ɗage zanar baya, inda yaran gida ke shigowa. Ga jikana, ɗan ɗiyata da na rena, wanda ke kiɗa a Yamai. Gashi a murɗe, gita a goye cikin baƙar jaka, yana dariya, yana ɗaga murya:

"Ina tsohon nan mai rowa? A faɗa masa ga ɗalibinsa ya iso!"

Wayarsa ta mutu a hanya, bai biyo ta ƙofar gida ba, bai ga tabarmin maza ba. Wata ta dafe ƙirji ta ce, "Gita? Gita a gidan mutuwa?" Ya dube su ɗaya bayan ɗaya har idonsa ya iso kaina. Na ce, "Maigidana, ka yi haƙuri. An kai shi." Ya sulale ya zauna ƙasa yadda yake, wuyan gitar ya bugi bango, ta yi wani nishi a cikin jaka.

Har yau akwai masu cewa rashin kunya ce ta kawo shi da abin kiɗa ranar nan. Ni na san abin da ya kawo shi. Kiransa anka yi. Shi ya sa na ce a rubuta wannan, tun ina da bakin faɗa.

Yayana mai goge ne. Na faɗa, tunda an ƙi faɗa. Daga Dogon Kiriya har Tibiri, in iska ta kama mutum anka rasa yadda za a yi, amalanke ake aikowa a ɗauke shi. Kowace iska da takenta, wanda in an goga shi take zuwa ta hau mai ita. Kowane take kuma da sallamarsa, wadda in an yi ta baƙuwar ke sauka ta bar mutum lafiya. Yaya ya san kira, ya san sallama. Ƙaron da yake shafa wa izga a naɗin hularsa yake zama. In doki ya wuce, kowa na duban mahayi, shi wutsiya yake dubawa, ya girgiza kai ya ce, "Izgar ga ta yi asara a gindin doki."

Ɗansa da ya girma ya yi karatu, bai zo masa da faɗa ba, gaskiya ɗaya ce. Zama ya yi ta yi da shi, yau da gobe, da taushin murya. Bayan rasuwar uwar ɗiyansa, wata safiya Yaya ya ɗauko gogen da kansa, ya sa wuƙa ya yanke izgar, ya ɓare fatar, ya miƙo mini ƙwaryar ya ce in riƙa ba kaji ruwa. Ya rantse gaban ɗansa: ba zai ƙara taɓa goge ba, ba kuma zai koya wa kowa ba. Ya kuwa riƙe. An zo da amalanke, an koma da amalanke.

Sai dai hannu ya tuba, hanci bai ji labari ba. In ya zauna gindin itacen bedi yana tufka igiyar kaba, ya danne bakinta da babban yatsan ƙafa, sai ka ji wani abu yana fita ta hancinsa, siriri, a hankali. Bai san yana yi ba. In na ce, "Yaya, kana yi fa," sai ya ce, "Ke, sauro ne."

A gindin bedin nan jikana ya tashi, don tun da mijina ya rasu gidan Yaya na komo da shi. Ba wanda ya nuna masa kiɗa. Gwangwanin man girki ya samo, ya soka masa sanda, ya ɗaura wayar birkin keke. Wayyo kunnuwanmu! Yaya yakan ce masa, "Kai, maƙerin gwangwani, kaji sun kai ƙararka wajen mai gari." Shi ko ya ce, "Kishi kake yi, Tsoho, ka ga za ni ƙwace maka ƴanmata."

Jikana ya roƙe shi ya koya masa, Yaya ya ce, "Na rantse." Ya kai masa goro, Yaya ya karɓe goron ya ce, "Na rantse." Amma Yaya kunnensa ba ya ɗaukar tsirkiya karkatacciya, ciwo take yi masa kamar tsakuwa a tuwo. In yaron ya ja wayar ba ta kai ba, sai a ji gyaran murya daga gindin bedi. Ya ƙara ja, wani gyaran murya. In ta zauna daidai, sai shiru. Da gyaran muryar nan jikana ya iya ɗaura tsirkiya. Na ce, "Yaya, wannan ba koyarwa ba ce?" Ya ce, "Majina ce. An hana tsoho majina?"

Da wayar ta tsattsaga masa yatsu har suna jini, Yaya ne ya sa na kwaɓa lalle, ya ƙunsa masa a kan yatsun da hannunsa, ya ce yana ƙara wa fata tauri. Yara sunka yi ta kiransa amarya a lakwal, makarantar boko. Ya komo da fushi. Yaya ya ce, "Amaryar ma wahala take sha kafin a yi mata guɗa."

Daga baya wani malamin lakwal, mushe kamar yadda yara ke ce musu, da anka canja wa gari ya bar masa tsohuwar gita. Ya riƙa zama wajen masu sharjin waya yana kallon yatsun makaɗan duniya, ya komo ya kwaikwaya. Da ya zama saurayi ya tafi Yamai, ya haɗu da wasu, sunka yi ƙungiyar makaɗa, abin da suke ce wa orkes, gita ta koma mai shan wuta. Sunan kiɗan nasu wai rok. Munka ji labari wata waƙarsu ta kama gari, ana neman su ko'ina saboda ita. Munka ce madalla. Ba mu tambayi wace ce ba.

Bara wani ma'aikaci ya ɗauko su bikinsa nan Dogon Dutsi. Bayan la'asar sunka kafa manyan akwatunan sauti a fili, har gidanmu ana ji. Yaya na tufka, yana dariya, yana cewa injin niƙa ne ke faɗa da jaki. Can sai rugugin ya lafa, gita ita kaɗai ta ɗauko wani abu. Na ga igiyar ta kuɓuce daga yatsan ƙafarsa. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, ko ranar da matarsa ta rasu.

Ya ce, "Wa ya ba shi wannan?"

Taken wata Doguwa ne, babba, wadda ba zan kama sunanta ba. Yaya bai nemi takalmi ba. Ya kama hanyar fili, ina bayansa ina haki.

Mun makara. Wata mai ƙosai, mutuniyar Ɗan Kassari, da ta aje kaskonta a bakin filin, ashe godiyar Doguwar nan ce, wato ita iskar ke hawa tun tana budurwa, ta daɗe da bari. Taken ya same ta tana juya ƙosai. Ta miƙe, ta yi ƙara, ta faɗi, hannunta ya shiga mai. Samari sunka kewaye ta da wayoyi suna cewa farfaɗiya ce. Jikana yana can bisa, ido rufe, yana ta kaɗawa, ita ko tana ta bugun ƙasa.

Yaya ya ratsa taron ya tsaya gabansa ya ɗaga hannu ɗaya. Kiɗa ya mutu. Ya komo ya durƙusa wajen matar, ya lulluɓe kansa da nata da hannun rigarsa, ya kai baki kunnenta. Ba wanda ya ji abin da ya rera. An jima jikinta ya saki, ta yi atishawa, ta buɗe ido, sannan ta ji zafin hannunta ta fasa kuka irin na mutane.

A bayan akwatunan Yaya ya kama jikana.

"A ina ka samo ta?"

"A hancinka, Tsoho. Waƙar igiya ce. Wadda kake yi in kana tufka."

"Waƙar igiya!" Yaya ya kama baki. "Ka kira babbar baƙuwa da murya ta cika gari, ba ka san ko wace ce ba, ba ka san yadda ake sallamarta ba. In da ba ni kusa fa? In da rijiya ce gabanta ba kasko ba?"

"To ka koya mini sallamar."

"Na rantse."

"Tsoho, wannan waƙar ita ce mu. Saboda ita ake kiranmu."

"Kira ba wuya, ko jariri ya iya. Kada ka ƙara kaɗa ta inda ba mai sallama. In ka ƙara, ba ni ba kai."

Kafin magariba ɗansa ya shigo, labari ya kai masa shago. Ya tsuguna ya ce, "Baba, ka rantse." Yaya ya ce, "Ban taɓa goge ba, ban koya wa kowa ba. In bar ta a cikin mai?" Ɗan ya ce, "To a tsaya nan, Baba. Kada ka ba yaron ga sauran. Don Allah."

Haka Yaya ya shiga tsakanin dutse biyu. Ya hau amalanke ya tafi Ɗan Kassari da man kaɗanya da damin hatsi, ya zauna ƙofar mai ƙosai ya ce mata, "Ki yafe mini, hancina ne ya ƙona ki." Da ya komo ya daina rerawa. In zai yi tufka sai ya cika baki da goro, ya yi ta tauna da ƙarfi don kada wani abu ya fita. Gidan ya yi shiru, irin shirun da ba ya da daɗi.

Jikana kuwa ya ji magana, bai ƙara kaɗa ta ba. Taro ya yi ta ihu yana neman ta, shi yana ƙi. Masu kira sunka fara raguwa, abokan kiɗansa sunka fara harararsa. Yakan bugo mini waya ya ce, "Kaka, ba ni Tsoho." Yaya ya ce, "Ce masa ina ba akuya ruwa." Akuyar nan ta sha ruwa bana har ta gaji.

Da anka fara yankan hatsi, wata rana Yaya ya ce in kira masa yaron. Ya riƙe wayar nesa da kunne kamar mai tsoron ta cije shi, ya ce, "Kai, maƙerin gwangwani. Na yi tunani. Taken ya riga ya fita, kowa ya ji shi. Rantsuwa tana da kaffara, hannun mace ba ya da. Ka zo da abin naka in ba ka sallamar." Ya ware hatsin da zai ciyar da miskinai na kaffara, ya ce zai faɗa wa ɗansa da bakinsa ranar da yaron ya iso. Ranar ce ya jingina da rumbu.

Da masu gaisuwa sunka fara raguwa, jikana ya same ni ɗaki. Idonsa ya faɗa. Ya ce akwai babban wasa gabansu a Yamai, wai konser, ya riga ya ce wa abokansa da waƙar zai komo. Yanzu sun bugo sun yi masa ta'aziyya, sun kuma ce in shi ba zai kaɗa ta ba, akwai wani yaro da ya kwashe ta daga waya, shi za su sa.

"Sefini, Kaka, tawa ta ƙare. Za su cire ni, kuma za su kaɗa ta. Ke ba ki riƙe sallamar ba?"

Na ce kira kowa ya ji shi, don da ƙarfi ake yi. Sallama kuwa ƙasa-ƙasa ake yin ta, daga mai goge sai mai kaɗa masa ƙwarya a gefensa. Ya ce wa ke kaɗa masa ƙwarya? Na ce, kawunka, tun bai kai tsawon turmi ba.

Ya same shi a zaure da safe, ni ina daga ciki ina ji.

"Kawu, an ce ka san ta."

"Na san ta."

"Tsoho ya yi niyyar ba ni."

"Gwaggo ta faɗa mini. Allah bai nufa ba, ni kuma ba zan nufa ba." Ya ƙara da cewa, "Kai yaro, kana tsammani daɗinta nake ji? Ina tsaye cikin salla take zo mini. Tun ina saurayi nake roƙon Allah ya cire mini ita. Abin da nake roƙon a cire mini shi zan zuba maka? Ka yi ta yawo da shi gari-gari, ana aika wa ubana alhaki cikin kabari?"

Jikana ya ce, "Ko ban kaɗa ba, wani zai kaɗa, Kawu. Kuma wurin da masu ƙosai a bakin ƙofa."

"Ba ni na ce su kaɗa ba. Tashi ka ba ni wuri."

Jikana ya taso ya haɗa kayansa. Na ce a raina an rufe Yaya sau biyu.

Washegari ya goya gitarsa zai tafi tasha, yana durƙushe ina sa masa albarka, sai ga kawun nasa ya shigo tsakar gida, abin da ba ya yi da safe. Bai dube ni ba, bai dubi gitar ba. Ya tambayi ranar wasan, ya tambayi unguwar. Jikana ya faɗa masa.

Ya ce, "Ina da kayan shago da zan ɗauko Yamai. Zan sa tafiyar ta dace da ranar. Ba zan shiga ba, kada ma ka neme ni. Zan tsaya waje, wajen masu tuya."

Jikana ya buɗe baki, kawun ya ɗaga masa hannu.

"Kai za ka kaɗa ta, kada ka bar wa baƙon hannu, don kai ka san ka tsaya in an ce ka tsaya. In ba wadda ta faɗi, alhamdu lillahi, ban zo ba, ba ka gan ni ba. In wata ta faɗi, ina nan. Ba don kai ba, ba don waƙarka ba. Kuma kada ka matso kusa ka kasa kunne."

"Wasa na gaba fa, Kawu?"

"Wannan kaɗai na ce maka."

Ya juya zai fita. Na ce, "Ɗana, kai da ka sa ubanka ya yanke izga?" Ya tsaya bakin zana, bayansa gare ni, ya ce, "Gwaggo, ni ma ba zan iya barin ta a cikin mai ba." Sai ga shi yana kuka, babban mutum da gemunsa, kukan da bai yi ba ranar da ya sa ubansa a rami.

Ban san abin da za a yi a Yamai ba, ranar ba ta zo ba tukuna. Na dai san Yaya ya tafi ya bar ɗansa tsaye daidai inda shi ya tsaya, tsakanin rantsuwa da hannun mutum, kuma ɗan ya karkata inda uban ya karkata.

Ya Allah, kai ka san gogensa, ka san tubarsa, ka san hatsin da ya ware bai kai ga rabawa ba. Mun raba masa. Ka karɓa, ka yalwata masa makwanci, ka sallame shi da rahama. Wanda duk wannan ta iske, ya ce amin.